Tallan Maganin da Ba Ya Magani: Daga Bunsurun Kansas Zuwa Akwatin Talabijin

Ga abin da muka tattauna a filin tarihi na wannan karo, mun rubuto shi saboda wanda yake daji da shanu ko yake kan hanya da kaya ranar da aka watsa shirin.

A shekarar 2006 wani talla ya addabi mutanen Amurka a talabijin. Bai kai rabin minti ba. Mace ce tana goga wani abu mai kama da guntun kyandir a goshinta, wata murya kuma tana faɗin sunan abin, HeadOn, tana cewa a shafa shi kai tsaye a goshi. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta kuma faɗa, sau uku a jere, ko kalma ɗaya ba ta sauya ba. Ba a ce yana maganin ciwon kai ba. Ba a ma ce yana maganin komai ba. Mutane suka yi ta tsaki, ƴan barkwanci suka mai da shi abin dariya, amma duk da haka suka je kanti suka saya. Da aka auna abin a ɗakin bincike, sai aka tarar kusan dukkansa kaki ne.

To me ya sa tallan bai ambaci ciwon kai ba? Da farko ya ambata. Masu sa ido kan tallace-tallace ne suka ce wa kamfanin ya kawo hujja, da ya rasa sai ya cire alkawarin, ya bar maimaicin. Ku riƙe wannan, domin shi ne zaren labarin gaba ɗaya. Sama da shekara ɗari ke nan, duk inda doka ta tare mai tallan maganin bogi, sai ya sauya kalma ko ya sauya wuri. Abin da bai taɓa saki ba shi ne maimaitawa.

Zamanin kwalba da jarida

Kafin rediyo, a Amurka ma a bakin kasuwa ake tallan magani, da kiɗa da wasa, kamar yadda muka san shi a nan. Wani mai suna Clark Stanley ya yi suna da sayar da abin da ya kira man maciji, wai na ciwon gaɓoɓi da jijiya. Da gwamnati ta kama kayansa ta auna, sai ta tarar babu ko ɗigon maciji a ciki: man da ake tacewa daga man fetur ne, da ɗan kitse, da barkono. Aka ci shi tarar dala 20 kacal. Dalar Amurka muke nufi fa, ba dalarmu ta sefa ba. Har yau idan Ba'amurke ya ce maka abu man maciji ne, yana nufin damfara.

Wata mata kuma, Lydia Pinkham, ta fara sayar da wani jiƙon ganyaye a 1875, wai na dukkan matsalolin mata. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwalbar barasa ce. Hotonta yana kowace jarida, ana cewa mata su rubuto mata damuwarsu, za ta amsa da kanta. Matar nan ta rasu a 1883, amma aka ci gaba da amsa wasiƙu kamar tana raye, har sai da wata mujalla ta buga hoton kabarinta a 1905.

A 1906 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta a rubuta a jikin kwalba idan akwai barasa ko wata ƙwaya mai bugarwa a ciki, ta kuma hana ƙarya a kan takardar kwalbar. Sai dai dokar ta tsaya a jikin kwalba. Masu magani suka ga haka, sai suka share ƙaryar daga kwalba, suka kai ta shafin talla na jarida inda dokar ba ta kai ba. In kiɗa ya sauya, ai rawa ma sauyawa take.

Likitan bunsuru da rediyon tsallaken iyaka

Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye, mu makiyaya da mazauna bakin iyaka. A wani ƙauye mai suna Milford, a jihar Kansas, an yi wani mutum, John Brinkley, wanda ya samu takardar likita daga wata makarantar da aka sani da sayar da takardu. Ya ce ya gano maganin raunin maza: sai ya tsaga mutum, ya dasa masa guntun marainan bunsuru. Kuɗin aikin dala 750, a zamanin da kuɗin ya fi na sabuwar ƙaramar mota. Duk makiyayi ya san naman akuya ba ya haɗewa da jikin mutum. In an yi sa'a jiki ya narkar da shi, in ba a yi ba ya ruɓe ya kawo ciwo.

A 1923 Brinkley ya buɗe gidan rediyonsa. Nan ne ya gane abin da ƴan jarida ba su da shi: murya tana shiga ɗaki da dare, tana magana da mutum shi kaɗai a kan abin da yake jin kunyar faɗa wa kowa. Tsakanin kiɗan ƙauye da wa'azi da labarin farashin hatsi, sai ya shigo da muryarsa mai sanyi, kullum, safe da yamma. Ya kuma ƙirƙiro wani fili da masu sauraro ke aiko da wasiƙa su faɗi ciwonsu. Ba tare da ya ga mutum ba, zai ce ya je kantin magani kaza ya sayi magani mai lamba kaza. Masu kantunan kuma suna yanka masa kasonsa.

A 1930 asiri ya fara tonuwa. An gabatar da shaida cewa mutum 42 sun mutu a asibitinsa. Jihar Kansas ta ƙwace takardarsa ta aikin likita, hukumar rediyo ta ƙi sabunta masa izini. Kun san abin da ya yi? Takarar gwamna ya shiga, kuma saura ƙiris ya ci, saboda mutanen karkara sun shekara bakwai suna jin muryarsa, sun ɗauke shi kamar ɗan gida.

Da ya faɗi zaɓe sai ya tattara ya koma bakin iyaka. Ya zauna a garin Del Rio na jihar Texas, ya tsallaka kogi ya kafa dogayen ƙarafunan rediyo a Villa Acuña, cikin ƙasar Meziko, a 1931. Kwatanta mutum yana zaune a Illela, eriyarsa tana Ƙwanni. Dokar Amurka ba ta da iko da tashar, ƙarfinta kuwa ya ninka abin da Amurka ta yarda wa tashoshinta, har ana jin ta a Kanada. Yana zaune a gidansa yana magana ta wayar tarho, ana watsawa daga tsallake. Majalisar Amurka ta hana hakan a 1934, sai ya koma ɗaukar muryarsa a faifai ana tsallakawa da shi.

Abin da ya kayar da shi, shi ya jawo da hannunsa. Wani likita, Morris Fishbein, ya kira shi ɗan damfara a rubuce, Brinkley ya kai ƙara, aka zauna shari'ar a 1939. A gaban alƙali dole a buɗe kwalba. Aka auna wata allura da yake sayar wa majinyata da tsada, sai ga shi ruwa ne da ɗan shuni, irin dai wanda ake rini da shi a karofi. Ya faɗi shari'a, waɗanda ya cuta suka yi ta kai shi kotu, ya talauce a 1941, ya mutu a 1942. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya ne, amma wannan ramin ya kai shekara ashirin kafin a ga ƙarshensa, kuma ba a dawo da waɗanda suka mutu ba.

Talabijin ta zo da guduma

Bayan yaƙin duniya na biyu talabijin ta shiga gidajen Amurka, sai sana'ar ta samu malaminta, wani gwanin talla mai suna Rosser Reeves. Koyarwarsa gajera ce: ka zaɓi magana ɗaya tak, ka yi ta bugawa, kada ka sauya ta don mutane sun ce ta ishe su. Shi ya tsara tallan ƙwayar ciwon kai ta Anacin, inda aka zana kan mutum da guduma tana dukan cikinsa. Mutane sun tsani tallan, aka yi shekaru ana nuna shi, ciniki ya yi ta hauhawa. Ita Anacin tana rage ciwon kai da gaske, domin asfirin ce da sinadarin da ke cikin kofi da goro. Wayon yana wurin da tallan ya ƙi kiran sunan asfirin, ya riƙa cewa a ciki akwai maganin da likitoci suka fi ba da shawara, don ka zaci wani sirri ne ka biya ninki. Sai a 1981 hukuma ta tilasta musu su faɗa.

Wani kuma shi ne Geritol, ruwan ƙarin jini mai barasa kashi 12 cikin ɗari. Tallansa ya ƙirƙiro ciwon da ya kira gajiyayyen jini. Kana jin kasala? Jininka ne ya gaji. To wa ba ya jin kasala? Hukumar kasuwanci ta Amurka ta ce mafi yawan masu jin gajiya ba ƙarancin jini ke damunsu ba, ta umarci kamfanin ya gyara maganarsa a 1965. Bai daina ba, har kotu ta yanke masa tarar dala 812,000 a 1973. Haka ma wasu ƙwayoyi na kamfanin Carter da ake kira ƙwayoyin hanta, alhali na wankin ciki ne kawai: an fara shari'a a 1943, ba a cire kalmar hanta daga sunan ba sai 1959. Shekara 16. Talla yana fita sau goma a rana, shari'a tana zama sau ɗaya a shekara.

Kada a zaci na Amurka ne kaɗai. A 1989, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wani ɗan jarida mai suna Allan Chumak yakan fito a talabijin ta gwamnati da safe, ya yi shiru yana motsa hannu da leɓe, wai yana zuba waraka cikin ruwa. Dubban gidaje suka riƙa jera kwalaben ruwa a gaban akwatin talabijin, mutanen da suka yi boko mai zurfi. A ƙasar Sin kuma, daga ƙarshen shekarun 1990, wani ɗan kasuwa Shi Yuzhu ya cika tashoshi da tallan Naobaijin, wato farin zinaren ƙwaƙwalwa, da zanen tsoho da tsohuwa suna rawa. Babban abin da ke ciki wani sinadari ne mai araha na taimaka wa barci. Dabararsa ita ce bai tallata wa mara lafiya ba, ya tallata wa ƴaƴa a matsayin tsarabar da ake kai wa iyaye lokacin sabuwar shekara. Wa zai so a ce ya yi wa mahaifiyarsa rowa?

Me ya sa yake kama mutane?

Ba wauta ba ce, halin ɗan Adam ne, kuma an gwada shi. A 1977 wasu masu bincike suka karanta wa ɗalibai jerin maganganu, wasu gaskiya wasu ƙarya, sau uku, mako biyu tsakani. Wasu maganganun ana maimaita su, wasu sabbi ne. Waɗanda aka maimaita, ɗaliban suka riƙa ƙara gaskata su, ko da ƙarya ne. Kunne yana ɗaukar abin da ya saba ji kamar abin da ya sani. Yau da gobe, in ji Bahaushe, ka sa allura ginin rijiya.

Na biyu, yawancin ciwon da ake tallata wa magani masu tafiya da kansu ne: ciwon kai, mura, kasala, ciwon baya mai zuwa ya lafa. Mutum yakan sayi magani ranar da ciwon ya fi tsanani, washegari dama sauƙi zai zo, sai kwalba ta karɓi godiya.

Na uku shi ne ƙarfin sa rai. A 1796 wani Ba'amurke, Elisha Perkins, ya fito da wasu ƴan sandunan ƙarfe guda biyu, wai in an shafa su a jiki suna zuƙe ciwo. A 1799 wani likita a garin Bath na Ingila, John Haygarth, ya sassaƙa irinsu da itace, ya shafe su da fenti, ya gwada a kan mutum biyar masu ciwon gaɓoɓi. Huɗu suka ce sun ji sauƙi. Da itace fa.

Amma ga inda haɗarin yake. A 2011 likitoci a Boston suka gwada masu ciwon fuka, wato asma. Wata rana a ba su abin shaƙa na gaske, wata rana na bogi. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun ji kusan ɗaya ne. Da aka auna numfashinsu da na'ura, na gasken ya buɗe huhu da kashi 20 cikin ɗari, na bogin kashi 7 kawai, daidai da ranar da ba a ba su komai ba. Ke nan mutum yana iya jin ya samu sauƙi alhali ciwon yana nan yana cin sa. Ga ciwon kai na yini ɗaya, asarar kuɗi ce kawai. Ga ciwon suga, hawan jini, tarin fuka ko zazzaɓin cizon sauro a jikin yaro, kwanakin da aka ɓata a kan kwalbar bogi su ne kan raba rai da mutuwa.

A wannan yanki namu

Talabijin ta fara a Najeriya a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962. Yau kwanon tauraron ɗan Adam yana kan rufin shagon mai shayi a Jibiya da Maigatari da Mubi, kuma kamar tashar Brinkley, ba ya tsayawa a shingen duwan. Tashar tana wata ƙasa, kamfanin yana wata, mai saye yana ta uku. Ga motoci masu lasifika a ranar kasuwa, ga saƙon murya a WhatsApp. Jerin kuwa kun haddace shi: basir, sanyi, shawara, taifot, ulsa, ƙarfin maza, duk a jarka ɗaya.

Mun ga inda abin ya kai idan mai iko ne ya riƙe lasifikar. A watan Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cutar sida, wato ƙanjamau, da haɗin ganyaye. Talabijin ta gwamnati ta yi ta nuna shi yana shafa wa majinyata. An sa su daina shan magungunan asibiti. Bayan saukarsa, hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar da cewa an rasa rayuka a cikin wannan shiri.

Ku ƴan kasuwa masu saro kaya daga Najeriya, ga abin lura. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya da yawa lamba mai ƙarewa da harafin L. Wannan lambar tana nufin an duba ba a ga guba ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. Shi ya sa za ku ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai talla zai ɗaga kwalba ya ce gwamnati ta amince. Ku tambaye shi, ta amince da me? Wani lokacin kuma matsalar a juye take: hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama maganin da aka ce ganye ne zalla, alhali an niƙa ƙwayar asibiti mai ƙarfi an zuba a ɓoye, musamman a na maza da na ƙiba irin su sha-ka-fashe. Mai ciwon zuciya ya sha bai san abin da ya sha ba.

Wannan magana ba raini ba ce ga itatuwanmu. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ku a asibiti yau, daga wani nau'in tazargade aka fitar da shi, aikin wata Basiniya, Tu Youyou, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015. Bambancin shi ne an gwada shi a kan dubban mutane, an san ciwo ɗaya da yake kashewa, an san awonsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Makiyayi kuwa yana da ma'aunin da ɗan birni ba shi da shi. Saniya ba ta kallon talabijin. In ka yi mata allurar sammore ta bogi, ba za ta sa rai ta ji sauƙi ba, ramewa za ta ci gaba da yi a gabanka. Kuma dattawanmu sun ga yadda maganin gaske yake aiki. Bushiya, wadda ta share garkunan kakanninmu, an fara yi mata gangamin rigakafi na haɗin gwiwa a 1962 tsakanin Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ana yi wa dabba allura ana yanka mata alama a kunne. A 2011 aka shelanta cewa cutar ta ƙare a duniya. Allura ɗaya, ciwo ɗaya, kuma ana iya ƙirga shanun da suka tsira.

Saboda haka, in talla ya dame ku da maimaici, ku yi masa irin binciken da kuke yi wa sa kafin ku biya. Me ya ce maganin yana yi, a fili, in aka cire kiɗa da rantsuwa? Ciwo nawa ya lissafa? In sun wuce yatsun hannu, ku mai da kuɗinku aljihu. An rubuta abin da ke ciki, da sunan mai yi, da inda yake, da ranar lalacewa? Ya ce ku bar maganin da likita ya ɗora ku a kai? In ya ce haka, ku tashi daga wurin. Kai kuma ɗan kasuwa, katan ɗin da ka ɗora a mota ka tsallaka da shi, a ƙauyen da aka san sunanka da na mahaifinka za a shanye shi. Mai tallan yana can wata ƙasa, kai ne za a gani ranar kasuwa mai zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana dukiyarmu ta gida da ta daji. Sai mun haɗu a fili na gaba.